Yatsun Danƙo a Kwarin Zarnu

Da sunan Wanda ya halicci ƙarfe ya taurara shi, ya halicci ɗan itace ya tausasa shi, ya kuma ba ɗan Adam hannun da zai riƙe duka biyun. Ku da kuka sauke kaya a wannan zango, kun tambaye ni inda na fito, da dalilin da ya sa mace take yawo da guduma a ɗamara. To, ku gyara zama. Sunana Tasalla 'yar Cindo maƙeri, mutuniyar Kwarin Zarnu ta ƙasar Samanjiya, can bayan tekuna uku, inda duwatsu suke da launin shuni. Korarriya ce ni, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa hakan ba.

A kwarinmu kaɗai ake samun jar raɓa. 'Yar itaciya ce mai yaɗo a jikin duwatsu, 'ya'yanta jajaye kamar kan babban yatsa, zaƙinsu ya fi zuma, taushinsu kuwa in ka matsa kaɗan sai su fashe. Daga fitowar rana zuwa hantsi ake tsinkarsu, in rana ta ɗaga sai su narke a jikin reshe. Sarakuna da attajirai ne ke shan su. Mu namu ƙaya ne. Gama kowane reshe yana da ƙayoyi sirara kamar gashi, masu wani dafi da ba ya kisa, sai dai ya kashe yatsu sannu a hankali. Mace za ta fara tsinka tana budurwa, kafin ta aurar da 'yar fari yatsunta sun daina jin zafi da sanyi.

Uwata ta rasu ina goye, ƙanwar babana ce ta raine ni, Gwaggo Barmani, shugabar mata masu tsinka. Ni kuwa na ƙi dutse na maƙale a maƙerar babana, ina zuga masa wuta, har na iya gyaran mutum-mutumin ƙarfe irin wanda ake fasa dutse da shi a ƙasarmu. Manya ne, suna shan rana ta wani faranti a bayansu, a ƙirjinsu kuma akwai dutsen tuni, wanda ke riƙe duk motsin da aka maimaita masa. Ƙarfi gare su, amma ko ƙwai ka ba su sai su niƙe shi.

Wata rana da yamma, bayan rasuwar babana da shekara guda, na shiga gida na iske Gwaggo ta dafa murhu da tafin hannu tana hira da maƙwabciya. Ta ɗaga hanci ta ce, "Tasalla, duba mini, me ke ƙonewa?"

Hannunta ne ke ƙonewa.

Na ɗaure mata shi ina kuka, ita tana dariya, wai ai duk haka suke. Ranar na yi rantsuwa sai na ƙera abin da zai shiga ƙaya a madadinsu.

Wata shida na yi ina harhaɗa tarkacen wani tsohon mutum-mutumi. Ranar gwaji duk kwari ya fito kallo. Abin ya taka zuwa gindin reshe, ya miƙa hannu, ya damƙe nunannu da ɗanyu da ganye, ya matse, jan ruwa ya tsartu har fuskar Sarkin Maƙera. Aka fashe da dariya. Sarkin Maƙera ya share fuska ya ce, "'Yar Cindo, ubanki mutumin kirki ne. Ki rufe maƙerar nan kafin ki zubar masa da mutunci."

Na ce, "Baba, maƙerar zan rufe, amma ba don na daina ba. Abin nan ba shi da ido, ba shi da yatsu. Zan je in nemo masa."

Na ƙera wani ƙarami, tsayinsa iya ƙuguna, na raɗa masa suna Lallaɓa. Na ɗaura masa igiya a wuya, muka kama hanya, makaho da jagorarsa.

Muka shiga Hamadar Farin Gishiri a cikin kekunan iska, masu tafiya da filafilai kamar jiragen ruwa. Kwana goma sha tara babu inuwa, babu tsuntsu. A rana ta goma sha biyu iska ta tsaya cak, ruwanmu ya kusa ƙarewa, fatake suka ce a jefar da ƙarfen nan nawa don a rage nauyi. Na zauna a kansa na ce sai dai a jefar da mu tare. Da suka ga haka suka ƙyale ni. Ni kuma na ɗaura shi a gaban keke, ya sha rana ya ƙoshi, ya ja mu yini biyu har iska ta dawo. Daga nan ba wanda ya sake kiransa tarkace.

Haka muka isa Birnin Madubi, inda ganuwa da soraye da rijiyoyi duk na gilashi ne, mutum yana tafe yana ganin kansa ta fuska bakwai. A nan ake wasa idanun gilashi masu rarrabe launi fiye da idon shaho. Na durƙusa gaban wani tsoho, Malam Ƙosau, babban gwanin aikin, na gaya masa buƙatata. Ya dube ni ya ce, "'Yar nan, ba ma sayar da ido. Wanda ke so, shi ke wasa nasa."

Na ce, "Malam, nuna mini inda zan zauna."

Shekara biyu na yi ina wasa gilashi, fatar yatsuna ta saɓule ta sake tsirowa. Ido sittin na ɓata. Duk wanda na kawo, sai Malam ya jera masa jajayen duwatsu biyu da ni kaina ba na iya rarrabe su, ya ce idon ya nuna wanda ya fi ja, in ya kasa sai Malam ya jefa shi kwandon shara. Ranar da nawa ya ci gwaji, Malam bai yaba ba. Ya ce kawai, "Kin san dokar garin nan? Ba mai fita da ido, ko a aljihu, ko a jaka, ko a baki. Wanda aka kama, nasa idon ake cirewa."

Na ce, "Malam, shekara biyu, sai yau za ka gaya mini?"

Ya ci gaba da aikinsa bai ɗago ba. Can ya ce, "Cewa aka yi ba mai fita da shi. Ban taɓa jin an hana mai ido fita da ƙafarsa ba."

Washegari na dasa wa Lallaɓa idon a goshi, na kwance igiyar wuyansa. A bakin ƙofar gari masu gadi suka zazzage jakata, suka kwance mini kitso, suka leƙa bakina, ba su sami komai ba. Na wuce. Lallaɓa ya biyo ni ƙwas ƙwas, yana juya kai yana kallon duniya karon farko. Babban mai gadi ya daka tsawa a tare shi. Na juyo na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ɗauko shi? Kai ma da idonka kake fita kullum." Suka tsaya suna gardama a kan ko ƙarfe mai ido ne ko ba mai ido ba ne, har aka aika a kira mai karanta doka. Kafin ya iso mun sha kwana.

Saura yatsu. Su kam ban neme su ba, faɗa musu na yi. A Tafkin Balbela kwalekwalenmu ya kife, matan masunta suka tsamo ni da wasu salkuna na danƙon itace da suke hura wa iska. Ina kwance ina aman ruwa, na ga wata tana ɗauko ƙwan kifi da irin wannan danƙo, ko ɗaya bai fashe ba. Na zauna wurinsu damina guda, na koyi dafa danƙo. Na yi wa Lallaɓa yatsu uku masu rami a ciki, na haɗa su da ɗan ƙaramin zugazugi irin na maƙera. In ya hura, yatsun su kumbura su rungumi abu, in ya saki, su sake.

Shekara huɗu cif na dawo Kwarin Zarnu. Na ɗauka za a tarye ni da guɗa. Ko ruwa ba a ba ni da daɗin rai ba. Gwaggo ta tara mata a ƙofar gida, ta ce a gabansu, "Tasalla, ni na goya ki. Yanzu kin kawo abin da zai raba mu da abincinmu? In ƙarfe ya iya tsinka, wa zai neme mu?"

Na ce, "Gwaggo, naku zai zama."

Ta ce, "Haka ake cewa kullum."

Ban ja da ita ba. Na kai Lallaɓa wani gefen dutse da ba mai so, na sa shi aiki. Yana ganin nunanniya, yana kama ta ba tabo, amma sai ya fizga, ta yage daga hancinta, ruwa ya zube. Na saka safar hannu mai wayoyi da ke haɗe da dutsen tuninsa don in koya masa da hannuna, to ni ma ban iya ba, a maƙera na tashi. Safiya uku muna ɓarna, Gwaggo tana wucewa da kwandonta tana kau da kai. A ta huɗu ta kasa daurewa. Ta dire kwando ta ce, "Kai, wannan sakarcin ya isa! Wa ya ce miki ja ake yi? Tallafa ake daga ƙasa, a murɗa hagu, a jira ta sako kanta. Ba ni abin nan."

Na ce, "Gwaggo, ai yatsunki ba sa ji."

Ta ce, "Sun mutu, amma ba su manta ba."

Ta zura hannu a safar. Ta tallafa, Lallaɓa ya tallafa. Ta murɗa, ya murɗa. 'Yar itacen ta sauka a tafinsa lafiya lau, da raɓarta a jiki. Mata suka matso suna kallo. Kwana arba'in tana koya masa, tana zaginsa kamar ɗan riƙo, har ya zama yana cika kwando uku kafin mace ta cika ɗaya.

Sai maganar kasuwa. Na ɗauki Lallaɓa da kwanduna muka tafi Birnin Tagulla, babban birnin ƙasarmu, ina neman wanda zai ba ni ƙarfe da gilashi in ƙera wa kowace mace nata, a riƙa kawo masa kaya. Rumfa goma sha ɗaya na shiga, aka kore ni daga goma sha ɗaya. Wani ya ce manya ba za su sha abin da ƙarfe ya taɓa ba. Wani ya ce hannun mata ya fi araha, me zai kai shi. Da na gaji, na tare mai ɗanɗanon fada a tsakiyar kasuwa, na ajiye masa kwando biyu, na ce ya nuna wanda ƙarfe ya tsinka. Ya duba, ya shinshina, ya ɗanɗana, ya nuna ɗaya ya ce, "Wannan, ga tabo nan a gefe." Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan hannun mutum ne." Kasuwa ta ɗauki sowa.

Ranar Madugu Zangina ya aiko a kira ni. Shi ne ke saye duk jar raɓar kwarinmu, gidansa kuwa unguwa guda ne, da maƙera a ciki, da wani lambu da ya sa aka kwaso masa ƙasar Zarnu aka dasa jar raɓa don teburin fada. Ya sa aka kawo mini abinci, ya yi ta yabona. Sannan ya ce, "Malama Tasalla, guda arba'in nake so. Ƙarfe nawa, gilashi nawa."

Na ce, "Madalla. Kowace mace ɗaya."

Ya yi murmushi ya ce, "Wace mace? Me zan yi da tsofaffi masu matattun hannuwa in ina da waɗannan? Kwarin zan saye, su nemi wani wuri."

Na miƙe na ce, "To, a nemi wata maƙeriyar."

Ya ce, "Ƙofar da kika shigo ta rufe."

Wata biyar na yi a tsare a maƙerarsa. Da fari na ƙi taɓa guduma, suka hana ni abinci kwana uku, suka ce Lallaɓa za su narkar. Sai na ce na yarda. Na ƙera arba'in ɗin, ƙafa da ido da yatsu, ba algus. Abu ɗaya na bari: duwatsun tuninsu wayam suke, ba abin da suka sani. Na gaya wa Madugu sai an gama duka za a juye musu abin da ke ƙirjin Lallaɓa a rana ɗaya, ya yarda, don bai san aikin ba.

A watannin nan ya sa Lallaɓa yana tsinka a lambunsa kowace safiya, yana kuma ɗaukar akwatin fada a ka ya kai da kansa, don a ga abin alfaharin Madugu a titi. Akwatin nan ba mai buɗe shi. Wani bawa ya taɓa ɗaga murfin, iska ta ɓata kayan, aka yi masa bulala har ya suma. Tun daga ranar masu gadi ko kusa da shi ba sa zuwa. Ni kuwa aka ba ni gyaran akwatin lokacin da ƙafarsa ta karye. Na gyara, na ƙara masa zurfi, na yi masa ƙasa biyu.

Ranar da aka sa za a juye ilimin, da sassafe, Madugu yana can yana tarbar manyan baƙin da ya gayyato kallo. Na naɗe jikina na shige ƙasan akwati, faifan 'ya'yan itace a bisa kaina. Lallaɓa ya ɗauka. Ina jin takunsa, ina jin numfashina. A ƙofa wani mai gadi ya ce, "Yau kamar abin nan yana tafiya da nauyi." Ɗan'uwansa ya ce, "To buɗe mana ka gani, in bayanka na ƙaiƙayi." Suka yi dariya, suka buɗe ƙofa. A mararrabar fada Lallaɓa ya karkata hagu maimakon dama, kamar yadda na yi ta maimaita masa a ɓoye, muka miƙe hanyar Zarnu.

An ce da Madugu ya neme ni ya rasa, kunyar baƙi ta sa ya saki arba'in ɗin a lambu haka nan. Kafin hantsi sun mai da lambun fada jan taɓo.

Na san za a biyo ni. Kwana bakwai na samu, kuma ban ɓata ko ɗaya ba. Na kira maƙeran ƙauyuka tara, na zana musu komai da gawayi a bangon maƙerar babana, na nuna musu dafa danƙo da wasa gilashi iya abin da kwana bakwai za su ɗauka, na bar musu Lallaɓa su buɗe su gani. Gwaggo kuma ta tara mata suka yi alkawari: ba wadda za ta sa safa ta koya wa ƙarfen da ba nata ba.

A rana ta takwas sojoji suka zo, aka kai ni gaban Alƙalin Birnin Tagulla. Madugu ya ce na ci amanarsa, na ɓata masa ƙarfe da lambu. Alƙali ya ce, "Tasalla, me ya sa kika bar su wayam?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ya ce ƙarfe nasa, gilashi nasa, na kuwa ba shi abinsa cif. Abin da ke ƙirjin Lallaɓa hannun Gwaggona ne, shekara talatin na ƙaya. Wannan bai saya ba, ni ma ba nawa ba ne balle in bayar."

Alƙali ya san gaskiya, ya kuma san girman Madugun da ke zaune a gabansa. Ya ce in na koya wa arba'in ɗin, a sallame ni. Na ce, "Ko ɗaya." Ya sake tambaya har sau uku, na ba shi amsa guda. Sai ya yanke: Lallaɓa na mutanen kwari ne, arba'in na Madugu ne, ni kuwa a fitar da ni daga Samanjiya har abada, kuma in na ƙara koya wa wani wannan sana'a a cikin ƙasar, a sare mini hannu. Gwaggo ta miƙe a cikin taro ta ce wa Madugu, "Alhaji, in ƙarafanka sun gaji da zama, ka kawo mu saya. Maganarmu za su ji." Aka fitar da ita tana faɗa, ni ma aka fitar da ni ta wata ƙofar. Rabona da ita ke nan.

Soja ɗaya aka haɗa ni da shi ya kai ni iyaka, wani dogo mai suna Jatau, da furfura a gemu. Kwana shida muna tafiya bai ce mini uffan ba sai "tashi" da "zauna". Da muka iso kogin da ya raba Samanjiya da maƙwabtanta, ya tsaya ya duba gabas ya duba yamma. Ya yi gyaran murya ya ce, "Malama, matata 'yar Tudun Marke ce. Can ɓaure suke tsinka, a kan dogayen itatuwa. Bara ƙanwarta ta faɗo, har yau ba ta taka ba. Wannan abin naki, zai iya hawa?"

Na ce, "In an ƙara masa tsawon hannu, ba sai ya hau ba. Amma ka ji hukuncin da aka yanke."

Ya ce, "Na ji. Ni aka ce in tabbatar."

Na dubi ruwan. Na ce, "Iyakar daga ina ta fara?"

Ya ce, "Daga tsakiyar kogi."

Na tattare zanena na shiga, ya biyo ni, ruwa har ƙugu. Da muka wuce tsakiya da taku ɗaya, na ce ya juyo da garkuwarsa. Ya riƙe mini ita da hannu biyu, na ciro ƙusa daga ɗamarata, na fara zana masa a cikin fatar, gaɓa bayan gaɓa, yana tambaya ina amsawa, kifaye suna taɓa mana ƙafa. Ba mu fito ba sai da garkuwar ta cika. Ya rataya ta, zanen yana manne da bayansa, ya koma ta gaɓarsa, na haye ta tawa.

Iyakar abin da ya same ni ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Wanda ke da abin gyara a cikinku ya kawo, wutata ba ta mutu ba tukuna.